Rubilen Amit: Yadda 'Yar Filifin Ta Jira Shekara 17 Kafin Ta Ɗaga Kofin Ƙwallo Tara

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga labarin wata 'yar ƙasar Filifin mai suna Rubilen Amit, wai ta zama gwarzuwar duniya a wasan sinuka tana da shekara 42. Ina da tebur ɗaya a shagona, samari na bugawa, ni ma ina ɗan taɓawa. Wace ce ita, ta ina ta bi har ta kai nan, kuma me mai koyo irina zai ɗauka daga wasanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai gyara ɗaya da ya kamata a fara yi, domin in ba a yi shi ba sauran bayanin zai cakuɗe. Rubilen Amit ba sinuka take bugawa ba. A wajenmu duk teburin da aka ga sanda da ƙwallaye a kansa sinuka ake ce masa, alhali wasanni biyu ne daban. Sinuka ta ainihi ana yin ta a tebur mai tsawon ƙafa 12, da ƙwallaye 22, 15 daga cikinsu jajaye. Wasan Amit kuwa biliyad ne irin na Amurka, wanda Turawa ke kira pool. Teburin gasarsa ƙafa 9 ne, filin da ƙwallo ke gudu a kai santimita 254 a tsaye, 127 a kwance. Kowace ƙwallo kaurinta milimita 57, nauyinta tsakanin giram 156 da 170. Bakin ramin kusurwa kuwa, bisa ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, WPA, wajen inci 4 da rabi ne, wato idan ka jera ƙwallaye biyu kafaɗa da kafaɗa, da ƙyar za su cike bakin. A wasu manyan gasanni ma ana matse shi fiye da haka. Ina kyautata zaton teburinka ƙarami ne, ƙafa 6 ko 7, kuma abin da samarinka ke bugawa shi ne ƙwallo takwas, inda ɗaya ke cin masu zane ɗaya ke cin masu launi guda, a ƙare da baƙa. Dangin wasanta ne, amma ba shi ne ya ba ta manyan kofunanta ba.

An haife ta ranar 3 ga Oktoba 1981 a Mandaue, lardin Cebu. 'Yan ƙasarta Bingkay suke ce mata. Ta fara riƙe sanda ne sanadin bin mahaifinta ɗakunan biliyad tun tana yarinya, kuma ba ta bar makaranta saboda wasa ba: ta karanta ilimin akanta a Jami'ar Santo Tomas da ke Manila. Sunanta ya fito fili a 2005, lokacin da Filifin ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ta ci zinare biyu, a ƙwallo takwas da ƙwallo tara. Bayan shekara biyu, a 2007, ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta mata a ƙwallo tara a Taiwan, Pan Xiaoting ta ƙasar Sin ta doke ta. Ka riƙe wannan shekarar, za mu dawo kanta.

Kafin nan, sai ka fahimci irin ƙasar da ta tsiro a cikinta, don ba a banza Filifin ke fitar da gwanaye ba. Wasan da yaran can suka fi tashi da shi ba ƙwallo takwas ba ne. Wani ne da ake jera ƙwallaye 15, dole ka fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba a kan tebur, kowace ƙwallo kuma makinta daidai da lambarta. Jimillar makin 120 ne, wanda ya riga kai 61 ya ci. Ka duba abin da wannan ke yi wa ɗan wasa. A ƙwallo takwas, in hanya ta toshe kana da wasu shida da za ka zaɓa. A wannan kuwa ƙwallo ɗaya tak aka yarda ka nufa, ga wasu 14 sun cika tebur suna tare maka hanya. Yaron da ya girma a haka dole ya koyi kai farar ƙwallo, wato fara wadda ake bugawa da sanda, ta cikin matsatsi, dole ya koyi bugun gefen tebur ya dawo ya taɓa abin da ba ya gani, dole ya koyi ɓoye fara in ba shi da abin ci. Daga wannan makarantar Jose Parica ya fito, da Efren Reyes wanda ya ci kofin duniya a Cardiff a 1999, da Francisco Bustamante. Amit ta tashi ne a lokacin da waɗannan mutanen suke kan ganiyarsu, har ta yi wasan bibbiyu tare da Reyes suka ci gasar duniya ta namiji da mace a 2009. Wanda ya saba da ƙwallaye 15 a jere, in aka ba shi 9, sai ya ga tebur ya zama fili.

Yanzu ga bambancin wasanni biyun da tarihinta ya rataya a kansu, domin a nan amsar tambayarka take.

A ƙwallo tara ana jera ƙwallaye lamba 1 zuwa 9 a siffar lu'ulu'u, lamba 1 a gaba, lamba 9 a tsakiya. Ƙa'ida ita ce fara ta soma taɓa mafi ƙanƙantar lamba. Bayan nan duk abin da ya faɗa rami naka ne, ko da ba shi ka nufa ba. In lamba 9 ta faɗa a bugu halastacce, ko da a bugun farko ne na fasawa, zubin ya ƙare, ka ci. Saboda haka sa'a na da babban rabo. Ɗan wasa zai kuskure ramin da ya nufa, ƙwallo ta zagaya ta faɗa wani, ya ci gaba da bugu kamar ba abin da ya faru. Sannan jerin lu'ulu'un yana da rauni: ƙwallon da ke gefen jeri tana yawan tafiya kai tsaye ramin kusurwa in an fasa daga gefe, shi ya sa masu shirya gasa suke ta canza dokokin fasawa, wani lokaci su matsar da jerin gaba, wani lokaci su tilasta a fasa daga wani ɗan akwati a tsakiya.

A ƙwallo goma an ƙara ƙwallo ɗaya kawai, amma wasan ya sauya gaba ɗaya. Jerin ya koma kusurwa uku, lamba 10 a tsakiya, babu wata ƙwallon gefe da ke faɗawa da sauƙi. Dole ka faɗi ƙwallon da za ka ci da ramin da za ta shiga. In wata ta faɗa bisa kuskure, bugu ya bar hannunka, abokin karawarka ya zaɓa: ko ya karɓi teburin yadda yake, ko ya mayar maka. In lamba 10 ta shiga a fasawa, ciro ta ake yi a mayar. Wasan an gina shi ne don a rage rabon sa'a, a bar wanda ya fi iya lissafi ya yi nasara. Ba abin mamaki ba ne a wannan wasan Amit ta fara zama gwarzuwar duniya. An fara gasar mata ta ƙwallo goma a 2009 a Manila, ita ta ɗauki kofin farko, ta doke Liu Shin-mei ta Taiwan da ci 10 da 4. Ita ce mace ta farko daga Filifin da ta ci kofin duniya a biliyad. A 2013, a Manila dai, ta sake ɗauka a hannun Kelly Fisher ta Ingila, 10 da 7. Tsakanin nasarorin biyu Jasmin Ouschan ta Ostiriya da Fisher da Kim Ga-young ta Koriya ta Kudu kowace ta ɗauka sau ɗaya. Cikin gasanni biyar na farko, ita kaɗai ta ci sau biyu.

Abin da masu ba da labarinta suka cika tsallakewa shi ne abin da ya biyo baya. Daga 2014 har zuwa 2021 ba a sake gudanar da gasar duniya ta mata a ƙwallo goma ba. Wasan da ta fi kowa iyawa an ɗauke shi daga gabanta tana da shekara 32, daidai lokacin da ɗan biliyad ke nuna. Ƙwallo tara kuma a waɗannan shekarun 'yan Sin sun riƙe ta gam. Daga 2009 zuwa 2018, in ka cire 2012 da Fisher ta ci, duk shekara 'yar Sin ce ke ɗaga kofin: Liu Shasha sau uku, Han Yu sau uku, sai Fu Xiaofang da Bi Zhuqing da Chen Siming. Galibin gasannin a ƙasarsu ake yi, kuma suna da tsarin horo na ƙasa mai ƙarfi. A ganina nan ne ainihin jarrabawar Amit, ba wasannin ƙarshe ba. 'Yan wasa da yawa a irin wannan hali suna ajiye sanda. Abin da ya riƙe ta shi ne tawagar ƙasa da wasannin yankin, waɗanda ake yi duk bayan shekara biyu. Filifin na biyan 'yan tawagarta alawus, kuma dokar da aka kafa a 2015 ta sa duk wanda ya ci zinare shi kaɗai a wasannin yankin ana ba shi feso 300,000. Ba dukiya ba ce, amma ta isa ta sa mutum ya ci gaba da zuwa tebur kullum.

Sai kuma Allah ya kawo mata kishiya a cikin gida. Chezka Centeno, 'yar Zamboanga, an haife ta a 1999, Amit ta girme ta da shekara 18 ke nan. A wasannin yankin na 2015 a Singafo, yarinyar tana da shekara 15 ta doke Amit a wasan ƙarshe na ƙwallo tara, ta sake maimaitawa a 2017 a Kuala Lumpur. A 2019 suka raba: Centeno ta ɗauki ƙwallo goma, Amit ta ɗauki ƙwallo tara, sannan suka haɗu suka ci zinaren 'yan bibbiyu. Salonsu kamar dare da rana. Centeno sauri gare ta, kafin ka kifta ta share tebur. Amit kuwa sai ta zagaya, ta duba, ta sunkuya, in bai yi mata ba ta miƙe ta sake. Samun wadda za ta iya doke ka a ɗakin horo ɗaya ya fi kowane koci amfani, kuma ina ganin wannan hamayyar ce ta hana wasan Amit tsufa. A Hanoi, a wasannin da aka yi a 2022, ta ci zinare biyu, tara da goma. A shekarar kuma ita da Carlo Biado da Johann Chua suka ci kofin duniya na tawaga a Klagenfurt ta Ostiriya, suka doke Birtaniya a ƙarshe. A 2023 Centeno ta ɗauki kofin duniya na ƙwallo goma.

Sai Satumbar 2024 a birnin Hamilton na New Zealand. Shekara 17 bayan faɗuwarta a hannun Pan Xiaoting, ta sake kai wa wasan ƙarshe na ƙwallo tara, ta haɗu da Chen Siming, gwarzuwar 2017. Tsarin wasan ba irin na da ba ne, inda ake tseren wanda zai riga cin zubi 9 ko 11. An raba shi zango-zango, kowane zango wadda ta riga cin zubi 4 ta ɗauka, wadda ta riga cin zango 3 ta ɗauki kofi. Amit ta ci 3 da 1. Wannan tsari yana da wata halayya da ya kamata ka sani: zango gajere ne, kuskure biyu sun isa su kashe shi, amma da zarar ya ƙare lissafi ya koma sifili. Saboda haka ya fi dacewa da mai iya manta abin da ya wuce nan take. Mai zafin rai, wanda ke ɗauke da takaicin ƙwallon da ya zubar zuwa zubi na gaba, tsarin nan cinye shi yake yi.

To, me ya sa mace mai shekara 42 za ta doke 'yan shekara 25 zuwa 30? Domin biliyad ba wasan ƙarfi ba ne, ba ma wasan saiti ba ne kamar yadda masu koyo suke zato. A wannan matakin kowa ya iya jefa ƙwallo a rami. Abin da ke raba su shi ne inda fara za ta tsaya bayan bugun. Wanda ya iya ajiye fara, duk bugunsa masu sauƙi ne, har mai kallo ya riƙa cewa ai ni ma zan iya. Wanda bai iya ba, kullum yana cikin bugun bajinta, kuma bugun bajinta ba ya ɗorewa zubi 15. Wannan ilimin kuwa ƙaruwa yake da shekaru.

Ga Amit akwai ƙarin dalili. Gajeruwa ce, tebur kuma santimita 254. Doka ta ce dole ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa lokacin bugu. Dogon namiji in fara ta tsaya a tsakiyar tebur sai ya miƙa ya buga. Ita akwai wurare da dama da hannunta ba ya kaiwa, sai da sandar tallafi, wadda ake ɗora bakin sanda a kanta, ko da ƙarin guntun da ake ɗaura wa gindin sanda. Bugu da sandar tallafi kuwa yana rage iko a kan fara, musamman in ana son ja da ita baya. Don haka lissafinta ninki biyu ne: ba kusurwa mai kyau kaɗai take nema ba, har da wurin da jikinta zai kai. Ƙarancin tsawo ya tilasta mata tsari. In kana da gajerun yara a shagonka, ko 'yan mata masu sha'awa, ka saya musu sandar tallafi ka koya musu ita tun yanzu, kada su ɗauke ta abin kunya. Riƙonta daban ne: gwiwar hannu a gefe, a riƙe gindin sanda kamar mai jifa da mashi, jan baya gajere.

Yadda fara ke tafiya bayan ta bugi ƙwallo yana da ƙa'idoji, kuma ba su da yawa. In ta isa wajen ƙwallon tana zamewa, ba ta juyawa gaba ba ta juyawa baya, to bayan karo za ta bi layin da ya yi kusurwa 90 da hanyar ƙwallon da aka buga. In bugun miƙaƙƙe ne, cak za ta tsaya. In ta isa tana mirginawa gaba yadda ta saba, kuma ta kama tsakanin rubu'i da kashi uku cikin huɗu na ƙwallon, za ta kauce daga hanyarta ta farko da kusan digiri 30. In ka buɗe manuniya da ɗan yatsan tsakiya, tazararsu kusan haka take, shi ya sa za ka ga 'yan wasa suna auna tebur da yatsu biyu. In kuma ka bugi ƙasanta ta isa tana juyawa baya, sai ta dawo bayan layin 90 ɗin. Da waɗannan ukun da iya ƙarfin bugu ake yin mafi yawan aikin. Kusan duk faɗawar fara rami da kake gani a shagonka, layin 90 ko na 30 ne ya nufi rami mai bugun bai duba ba.

Murɗa ta gefe, wato bugun dama ko hagun fara, ita ce abin da samari suka fi so, ita ce kuma ta fi lalata musu wasa. Abubuwa uku ke faruwa a lokaci guda. Da farko fara tana kaucewa zuwa ɓangaren da ba a buga ba, in ka bugi damarta ta ɗan yi hagu. Sannan, tun da gindin sanda kullum a ɗan ɗage yake saboda katakon gefe, sai ta lanƙwaso ta dawo a hanya, kuma lanƙwasar ta fi yawa in bugun a hankali ne ko nesa. Na uku, in ta taɓa ƙwallon, gogayyar da ke tsakaninsu tana ture ƙwallon daga layinta, abin da zai iya kai digiri 5 a bugu mai laushi. A tazarar mita ɗaya wannan ya kusa santimita 9, ramin kuma duka-duka santimita 11 da 'yan kai ne. Ka ga dalilin da gwanaye ba sa taɓa murɗa sai fara za ta bugi gefen tebur, domin a can ne kawai take da babban amfani. Akwai kuma iyaka: in bakin sanda ya wuce kusan milimita 14 daga tsakiyar fara, wato rabin tazarar tsakiya zuwa baki, zamewa zai yi, ka ji ƙaras, komai yawan allin da ka shafa. Alli ma gogawa ake yi a gefen fatar bakin sanda, ba haƙa rami a cikin allin ba.

Ɓangaren da na fi so ka sa wa ido a wasanta shi ne ɓoyo. Dokar ta ce bayan fara ta taɓa ƙwallon da ta dace, dole wata ta faɗa rami ko wata ta taɓa gefen tebur. In ba haka ba laifi ne, abokin karawa ya ɗauki fara a hannu ya ajiye ta inda ya ga dama. A matakin duniya, ba wa mutum fara a hannu kusan ba shi zubin ne. Laifi uku a jere kuma faɗuwar zubin ce kai tsaye. Saboda haka in bugu ya yi wuya, gwani ba ya cewa bari in gwada. Sai ya tura ƙwallon can ƙarshen tebur, ya lallaɓa fara ta manne a bayan wata. Kuskuren masu koyo a nan shi ne son sarrafa ƙwallaye biyu lokaci ɗaya, sai duka biyun su kuɓuce. Ka zaɓi ɗaya, galibi fara. Kuma mannewa ta fi nisa muhimmanci, domin in akwai tazara tsakanin fara da abin da ya tare ta, za a ɗauko gajeriyar sandar tsalle a tsallake. In ta manne, ba tsalle, kuma rabin gefunan tebur sun rufe. Akwai kuma damar da ake bayarwa sau ɗaya bayan fasawa: mai bugu zai iya sanar da cewa turi zai yi, ya gangara fara duk inda ya so ba tare da laifi ba, abokin karawa ya karɓa ko ya mayar masa. Hikimar ita ce ka tura ta wurin da kai kana da amsa, shi kuma ba shi da ita.

Yanayin tebur ma yana cikin lissafi. Manila gari ne mai laima, kuma laima na sa kyalle ya yi nauyi, ƙwallo ta riƙa dawowa daga gefe a gajarce. A gasar duniya kuwa sabon kyalle ake shimfiɗawa a ɗaki mai sanyaya iska, ƙwallo na sulɓi, kusurwoyi na buɗewa, ja-da-baya na daɗewa kafin ta kama. Ɗan wasan da ke yawo ƙasashe yana da 'yan mintuna ne kawai ya gane teburin ranar. A naka shagon, ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Tana cin kyalle, tana manne wa ƙwallaye, sai ka ga an yi saiti daidai amma ƙwallo ta yi tsalle ta kauce. Ka riƙa share kyalle da burushi mai laushi ta fuska ɗaya kullum, ka goge ƙwallaye, ka rufe tebur da dare, ka kuma sa ma'aunin magina ka tabbatar bai karkata ba.

In horo kake so, ga abin da zai canza wasanka cikin wata uku in ka ba shi awa ɗaya a rana. Minti 10 na farko, ka ajiye fara a tsakiyar layin fasawa, ka buga ta miƙe zuwa ɗaya ƙarshen, ka bar sandarka a inda ta tsaya. In ta dawo ta taɓa bakin sanda, ka bugi tsakiya. In kullum dama take dawowa, to kana bugun damarta ba ka sani ba, kuma matsalar tana tsayuwarka ko inda idonka yake a kan sanda, ba a saiti ba. Minti 15 na gaba, bugun tsayawa cak: ƙwallo da fara a layi ɗaya da rami, ka fara da tazarar taku ɗaya, ka ci sau 10 fara ba ta motsa ba, sannan ka ƙara nisa. Za ka lura duk ƙarin nisa sai ka ƙara sauka ƙasan fara ko ka ƙara ƙarfi, domin kyalle na cinye juyin baya a hanya. Sauran lokacin, ka watsa ƙwallaye 3 a tebur, ka ɗauki fara a hannu, ka ci su bi da bi daga ƙaramar lamba. Kafin bugun farko ka nuna da yatsa inda fara za ta tsaya a kowane mataki, kuma lissafin daga ta ƙarshe ake farawa a dawo baya. In ka yi nasara sau 8 cikin 10, ka ƙara ƙwallo ɗaya. In ka gaza 5, ka rage. Yawancin waɗanda ke ganin kansu gwanayen unguwa a ƙwallo 4 suke maƙalewa, kuma dalilin ɗaya ne: suna tsayar da fara a layi miƙaƙƙe da ƙwallo ta gaba. Miƙaƙƙen layi yana da daɗin ci, amma ba ya ba ka hanyar zuwa ko'ina sai gaba ko baya. Ƙaramar kusurwa ake nema, kuma a ɓangaren da zai kai fara wajen ta uku. Ka riƙa rubuta sakamakon a littafi, domin ƙwaƙwalwa bugun bajinta kawai take riƙewa.

Wani zai ce maka sirrin 'yan Filifin wasan kuɗi ne. Gaskiya ne caca ta yi katutu a ɗakunan biliyad na can, kuma da yawa daga mazansu a cikinta suka taso. Ban ba ka shawarar ka buɗe mata ƙofa ba, haramcinta a fili yake, kuma ita ce ke sa iyaye su hana 'ya'yansu kusantar tebur. Abin da ke gina ɗan wasa shi ne bugu a ƙarƙashin matsi, kuma gasa tana ba da wannan. Amit da kanta ta wannan hanyar ta bi da ta tashi taimakon na baya: ta kafa gasar mata zalla mai suna Amit Cup a ƙasarta, don 'yan mata su sami inda za su kara da juna a kai a kai. Kai ma za ka iya kafa gasar wata-wata a shagonka, 'yan wasa 16, sai an doke mutum sau biyu zai fita, tseren zubi 4, a rubuta sunaye a allo, a sa alƙali guda wanda ba ya cikin masu bugawa. Ka sa a riƙa buga ƙwallo tara ko goma maimakon takwas, ko da sau ɗaya a mako, tun da ƙwallayen da kake da su sun isa.

Wasan ƙarshe na 2024 da na 2013 duk ana samunsu a YouTube. In za ka kalla, ka daina bin ƙwallon da ke shiga rami da ido. Ka tsayar da bidiyon kafin kowane bugu, ka sa yatsa a inda kake zaton fara za ta tsaya, sannan ka saki. Duk inda zatonka ya saɓa da nata, ka koma baya ka duba ƙwallo ta uku a jeri, galibi a can dalilin yake.